Kundi mai manazarta na bogi: a hana ɗalibai AI ko a koya musu riƙe shi?

Malama Binta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema. A sashenmu an ɗora mana alhakin tsara ƙa'idar da za a bi game da amfani da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin su ChatGPT da Gemini, wajen rubuta kundin kammala karatu da kuma shirin darasi na masu fita koyarwar gwaji. Abin da ya jawo haka shi ne a zangon nan kundaye da dama sun zo da Turanci sumul, amma da ka ɗauki manazartar ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar da yawansu babu su a duniya. Sunan marubucin na gaske ne, sunan mujallar na gaske ne, an jera shekara da lambar shafi, maƙalar kuwa ba a taɓa rubuta ta ba. Wasu abokan aikina sun ce a haramta kawai, duk wanda aka kama a soke aikinsa. Ni hankalina bai kwanta da hakan ba, amma kuma ba ni da abin da zan ajiye a madadinsa. Waɗanda suka riga mu fuskantar wannan, yaya kuka yi?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam Malama. Ni ina bayan abokan aikinki. Na daɗe ina shugabantar makarantar firamare kafin in ajiye aiki, na san irin malaman da ake turo mana. Mai takardar NCE zai zo, ka miƙa masa alli ka ce ya rubuta jimla uku a allo, sai gumi ya karyo masa. Wannan fa tun kafin a ƙirƙiro abin da zai yi masa rubutun ke nan. To in aka buɗe ƙofa yanzu, me zai rage? Kundin nan shi ne kaɗai wurin da ake tilasta wa yaro ya zauna ya yi tunani da kansa na tsawon watanni. A hana, kuma a tsaya a kan hanin.

Sadiya: Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki a maganar manya, ni ɗaliba ce ta digiri na biyu a fannin ilimi. Wallahi hani ba zai hana ba. Abin nan yana cikin wayar kowa, har cikin WhatsApp akwai Meta AI. In aka ce haramun ne, masu wayo za su ci gaba da amfani da shi su ɓoye sawu, marasa wayo su ne za a kama. Kuma ba kowa ne ke zuwa wurinsa don ya yi ha'inci ba. Na taɓa shafe makonni ban gane bambancin hanyoyin zaɓen samfuri a bincike ba, littafin da ke hannuna Turancinsa ya fi ƙarfina, mai duba aikina kuma ɗalibansa sun yi masa yawa, ganinsa sai an yi sa'a. Na tambayi manhajar ta yi mini bayani da misalin makarantun ƙaramar hukuma, na sake tambaya, na sake, ba ta gaji ba. Daga nan na koma littafin na karanta na gane. Shin wannan ma laifi ne?

Alhaji Garba: 'Yata, wannan da kika yi karatu ne, ban da ja a kai. Amma mutum nawa ne za su koma littafin kamar yadda kika koma?

Dokta Bashir: Tambayar Alhaji ita ce gaskiyar lamarin, amma kafin mu je can bari in tuna mana wani abu. Sayen kundi bai fara da ChatGPT ba. Duk wanda ya yi aiki a manyan makarantunmu ya san shagunan buga takardu na bakin ƙofa, inda ake ciro tsohon kundi a canza sunan ƙaramar hukuma da shekara a ɗaure a miƙa. Abin da ya sauya tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 shi ne aikin ya zama kyauta, cikin minti kaɗan, kuma ba ya kama da na kowa. Cutar tsohuwa ce, yanzu ta samu abin hawa. Idan muka ce a hana muka tafi muka kwanta, mun rufe ido ne kawai. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi wani bincike a 2023 a makarantu da jami'o'i sama da 450, ta samu waɗanda ke da wata ƙa'ida a rubuce game da wannan fasaha ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A watan Satumba na shekarar ta fitar da jagora ga masu ilimi da bincike, kuma ba hani ta kawo ba, tsari ta kawo, har da shawarar kada a bar yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da shi a aji. Don haka Malama Binta, aikin da aka ba ku aiki ne da ya kamata a ce an yi tun tuni.

Malama Binta: Na gode Dokta. Amma ni har yanzu abin da ya ɗaure mini kai shi ne me ya sa AI ɗin yake ƙirƙiro maƙalar da babu ita? In bai sani ba ai sai ya ce bai sani ba.

Injiniya Kabiru: Malama, asalin ƙirarsa ce ta jawo haka. An horar da shi ne a kan tarin rubutu mai yawan gaske, kuma abin da ya koya shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Ba wani ɗakin ajiyar maƙalu ne a cikinsa da zai shiga ya ciro miki takarda ba. Ya ga siffar manazarta ba adadi, ya san suna ke zuwa farko, sai shekara, sai take, sai mujalla, sai shafi. Idan kika ce ya kawo miki maƙala goma kan matsalar karatun yara mata a Jigawa, zai jera miki goma masu wannan siffa, ko akwai su ko babu. Kuma muryar da zai faɗi gaskiya da ita, da ita zai faɗi wanda ya ƙera. Sababbin da ke iya shiga intanet su yi bincike sun rage matsalar, ba su kawar da ita ba. Wani lokaci maƙalar tana nan, amma abin da ya ce ta faɗa ba ya cikinta. Mu kuma abin ya fi shafarmu, domin yawancin binciken da aka yi kan makarantunmu yana ɗaure a kan kantar ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato, ba a taɓa ɗora shi a intanet ba. Inda bai ga komai ba, nan ya fi cike gurbi da nasa.

Gano shi ba wuya. Ki kwafi taken maƙalar ki saka a Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi. In akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ki saka ta a shafin doi.org, ko dai ta kai ki maƙalar, ko ta kai ki wata daban, ko ta ce babu. In kin same ta, ki buɗe ki nemi shafin da aka ce an ɗauko maganar. Matakin ƙarshen nan shi mutane suke tsallakewa.

Barista Nafi'u: Mu a aikin lauya an riga an ga ƙarshen wannan. A 2023 a birnin New York, a wata ƙara da wani fasinja ya shigar da kamfanin jirgin sama na Avianca, lauyoyinsa sun miƙa wa kotu takarda mai ɗauke da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, da sunayensu da lambobinsu. Lauyoyin ɗaya ɓangaren suka nema suka rasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin shi ne lauyan ya tambayi manhajar ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta ce masa na gaske ne, shi kuma ya yarda. A watan Yuni alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Ku lura da wanda aka hukunta. Ba a kira kamfanin da ya ƙera manhajar ba, wanda ya sa hannu a takardar aka kira. Ina ganin ƙa'idarku daga nan ya kamata ta fara: duk abin da ke cikin kundin da ke ɗauke da sunanka, kai za ka amsa shi.

Malam Auwalu: Barista ya tuna mini da maganar Abdullahi ɗan Mubarak da Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, cewa isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malamanmu ba su karɓar magana don ta yi daɗin ji, sai sun tambaya wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ɗalibin da ya taso a garin da ake wannan karatu bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi cewa jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba ƙarya ce ba, ko da kuwa na'ura ce ta rubuta masa. Da wannan harshen za ku yi musu magana, za su fi ji.

Dokta Bashir: Haka ne Malam. Kuma masu mujallun ilimi na duniya a wannan matsayar suka tsaya. Mujallar Nature tun a Janairun 2023 ta ce ba za ta karɓi maƙalar da aka sa manhajar a jerin marubuta ba, kuma duk wanda ya yi amfani da ita ya bayyana. Kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE ya biyo baya a watan Fabrairu da hujja ɗaya: marubuci shi ne mai ɗaukar alhaki, manhaja kuwa ba ta iya ɗauka.

Amma ku ba ni dama in faɗi abin da ya fi hana ni barci, domin manazarta na bogi ƙaramin alhaki ne a kansa. Shi ne ƙirƙirar bayanan bincike. A da, ɗalibin da bai je makarantun da ya ce ya je ba yakan zauna a gindin bishiya ya cike takardun tambayoyi da kansa, kuma mukan gane, domin biro ɗaya ne, hannu ɗaya ne, takardun ko lanƙwasa babu. Yanzu zai ce wa manhajar ta ƙera masa amsoshin malamai ɗari biyu, ta zuba su a tebur, ta yi lissafin, ta rubuta babi na huɗu da na biyar. Komai zai zauna daidai. Manazarta na bogi kana iya kama su da Google Scholar, wannan kuwa da me za ka kama shi? Kuma illarsa ba ta tsaya kan ɗalibin ba. Wani zai zo baɗi ya kafa hujja da kundin, wani ya kafa hujja da na biyun, a wayi gari muna da tarin rubutu kan makarantunmu wanda babu wanda ya taka ƙafarsa cikin aji kafin ya rubuta. Daga irin wannan rubutun ake cewa ga dalilin da yara ba sa iya karatu, ga maganin da za a kashe wa kuɗi. Ni a wurina gyaran Turanci da manhaja da ƙera bayanai da manhaja ba su haɗa hanya ba ko kaɗan, kuma duk ƙa'idar da ta zuba su a kwando ɗaya ta yi zalunci.

Malam Sabo: To ai akwai manhajojin da ke gano rubutun AI. A sayi Turnitin, duk wanda ta nuna ya haura wani kaso a mayar masa. Shi ke nan an huta da dogon zance.

Sadiya: Don Allah Malam, kada a yi haka. Wata ƙawata da hannunta ta rubuta babinta na biyu, ina zaune tare da ita a ɗakin karatu tana fama. Aka saka shi a irin wannan manhaja ta kyauta, ta nuna wai yawancinsa na'ura ce ta rubuta. Aka kira ta gaban mutane aka ce ta yi ha'inci. Kuka ta yi ta yi, ba ta da yadda za ta kare kanta, domin lamba ce aka nuna mata a allon waya aka ce ga hujja.

Injiniya Kabiru: Malam Sabo, abin da Sadiya ta faɗa ba tsautsayi ba ne, an auna shi. Masu bincike a Jami'ar Stanford a 2023 sun gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai da rubutun jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta TOEFL guda 91, wanda mutanen da Turanci ba harshensu na gado ba ne suka rubuta. A matsakaici, kusan kashi 61 cikin 100 na rubutun an ce na'ura ce ta yi. Rubutun yaran Amurka kuwa kusan duka sun gane na mutum ne. Dalili shi ne suna auna yadda kalmomi suke da sauƙin hasashe, wanda kuma ya koyi Turanci a makaranta yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su. Wato mu ke nan da ɗalibanmu. Shi kansa OpenAI ya fitar da tasa manhajar ganowa a Janairun 2023, ya janye ta a watan Yuli saboda rashin inganci, ta kama kashi 26 ne kawai na rubutun na'ura, tana kuma zargin kashi 9 na rubutun mutane. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta kashe ɓangaren gano rubutun AI na Turnitin a Agustan 2023. Lissafinsu shi ne ko da kuskuren kashi 1 ne kacal kamar yadda kamfanin ya ce, a cikin takardu 75,000 da suka saka a 2022, kusan 750 za a zarga a kan ƙarya. Turnitin tana da amfani wajen gano inda aka kwafo rubutun wani, domin tana nuna maka asalin. A kan AI kuwa ba ta da asalin da za ta nuna.

Malam Sabo: Na ji hujjarka Injiniya. Amma in ba na'ura, da me za mu kama su? Ko mu zuba ido?

Dokta Bashir: Da baki, Malam Sabo. Ka zaunar da ɗalibi, ka buɗe kundinsa inda ka ga dama, ka ce karanta mini wannan sakin layi, to rufe, faɗa mini da Hausa me kake nufi. Ka tambaye shi me ya sa ya zaɓi makarantu shida ba goma ba, wane ne shugaban ta farko, ta wace hanya ake shiga garin. Wanda ya je zai fara ba ka labarin yadda mashin ya lalace musu a hanya. Wanda bai je ba idonsa zai koma kan takarda. Ni nakan ce a kawo mini takardun tambayoyin da aka cike, da sautin hirar da aka naɗa, da wasiƙar izini mai hatimin makaranta. Nakan kuma ce duk maƙalar da aka ambata a ajiye mini kwafinta a jaka ɗaya a kwamfuta. Wanda ya san za a nemi kwafin ba zai sa abin da bai gani ba.

Sista Hauwa: Ina bin zancen tun safe, sai yanzu na samu sarari. Ni ina koyar da ɗaliban jinya, kuma damuwata ta ɗan bambanta da taku. Ku kuna maganar takarda, ni ina maganar hannu da ido. Ɗalibata za ta iya sa manhaja ta rubuta mata tsarin kula da majinyaci mai kyau, ta samu maki. Amma ranar da take ita kaɗai a asibitin ƙauye da tsakar dare, babu wuta, babu sabis, mace ta haihu jini ya ɓalle, abin da ke kanta shi kaɗai ne zai yi aiki. Lissafin maganin yaro gwargwadon nauyinsa ma haka ne, dole hannunta ya saba da shi har ta ji a jikinta in lamba ta fito ba daidai ba.

Kuma ba ɗalibai kaɗai abin yake taɓawa ba. A 2025 wata mujallar Lancet ta buga binciken da aka yi a cibiyoyi huɗu a ƙasar Poland, kan ƙwararrun likitocin da ke duba hanji da kyamara don gano ƙananan tsiron da kan rikiɗe ya zama ciwon daji. Kafin a kawo musu AI mai taya su gani, suna gano tsiron a kashi 28.4 cikin 100 na waɗanda suka duba. Bayan sun saba aiki da shi na 'yan watanni, a dubawar da suka yi ba tare da shi ba, adadin ya sauka zuwa 22.4. Bincike ne na lura, ba ya yanke hukunci shi kaɗai, amma ya isa ya sa mutum tunani. Waɗannan fa mutane ne da suka riga suka ƙware. To ina ga wanda bai taɓa ƙwarewa ba?

Alhaji Garba: Allah ya yi miki albarka Sista. Abin da nake nufi ke nan tun farko, ke kika iya faɗarsa.

Sadiya: Amma Anti Hauwa, a nan Najeriya ma ai an gwada an ga amfani. A jihar Edo.

Dokta Bashir: Ƙwarai, kuma ya kamata a faɗi labarin duka. A tsakiyar 2024 Bankin Duniya ya yi gwaji na mako shida a birnin Benin da ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare, bayan an tashi makaranta, suna koyon Turanci da manhajar AI ta Microsoft mai suna Copilot. A jarrabawar biro da takarda da aka yi a ƙarshe sun fi waɗanda ba su shiga ba, har bankin ya kwatanta ci gaban da abin da akan samu a kusan shekara biyu na karatun yau da kullum. Wannan kwatancen ni ina taka-tsantsan da shi, domin ma'auninsa shi ne ƙarancin abin da ake koya a makarantunmu a shekara. Amma amfanin na gaske ne. Sai dai ku duba yadda aka yi: malamai suna cikin ɗakin, su ke buɗe darasi da umarnin da aka tsara, suna zagayawa, suna nuna wa yara inda manhajar ta yi kuskure.

Ku ajiye wannan kusa da wanda masu bincike na Jami'ar Pennsylvania suka yi a wata sakandare a Turkiyya, da ɗalibai kusan 1,000, a darasin lissafi. Wasu aka ba su manhajar sakaka, wasu aka ba su wadda aka saita ta riƙa ba da haske kawai ba ta faɗin amsa, wasu ba a ba su komai ba. Lokacin atisaye, masu ta sakaka sun fi marasa komai da kashi 48. Da aka karɓe ta aka yi jarrabawa, sai suka koma ƙasa da marasa komai da kashi 17. Masu wadda aka saita ba su yi wannan faɗuwar ba. Abin da ya fi ban tsoro, yaran da suka faɗi ba su ji a ransu cewa sun koyi ƙasa da sauran ba. Don haka Alhaji da Sadiya, kowannenku yana da shaida a hannu. Abin da ya raba sakamakon biyu shi ne ko an bar ɗalibi ya sha wahalar da koyo ke buƙata, ko an ɗauke masa ita.

Malama Binta: Wannan ya buɗe mini ido kan maganar koyarwar gwaji. Na je duba wani ɗalibina a wata firamare, ya miƙo mini shirin darasi wanda ko ni ba zan tsara kamarsa ba. A ciki an ce a raba yara rukuni-rukuni na mutum huɗu, kowane rukuni ya kalli hoto a majigi, sannan su tattauna. Na ɗaga kai na dubi ajin: yara sun haura ɗari, da yawa a ƙasa suke zaune, allon ya farfashe, ko wayar wuta babu a ginin. Da ya tashi koyarwa bai bi ko layi ɗaya na takardar ba, domin ba za ta biyu ba. Ya koma rubuta a allo ku kwafa. Da ya zauna ya tsara da kansa, ko da bai yi kyau ba, da ya tambayi kansa yadda zai yi da yaran da ke bayan aji waɗanda ba sa jin muryarsa. Tunanin nan shi ne koyarwar, kuma shi aka tsallake. Ina ganin zan ba da shawarar a zangon farko shirin darasi da hannu za a rubuta shi, a gaban malami. Daga baya a koya musu yadda za su faɗa wa manhajar ainihin halin ajinsu, su karɓi shawararta, su nuna mana abin da suka ɗauka da abin da suka watsar da dalilinsu.

Barista Nafi'u: Kafin ki rufe takardarki Malama, ki ƙara babin sirrin mutane. Mai binciken ilimi yana tattara sunayen yara, makinsu, hirar malamai suna kukan shugabanninsu, wani lokaci har labarin yarinyar da aka cire daga makaranta. Ɗalibi zai kwashe duk wannan ya zuba a manhaja ya ce ta fassara masa ko ta taƙaita. Bayanan sun bar hannunsa ke nan, sun tafi kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko waliyyi, kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Malamin da ya yarda ya yi hira da kai ya yarda da kai ne, bai yarda da wani kamfani ba. Kamfanin Samsung ma a 2023 sai da ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba sirrin kamfanin a ciki. A cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum kafin a saka komai, kuma a rubuta a takardar neman izini cewa za a yi amfani da irin wannan manhaja.

Sista Hauwa: Mu wannan layi ne da ba a tsallakewa. Hoton katin majinyaci ba ya shiga waya, balle manhaja.

Malam Auwalu: A ƙara da fassara. Hirar da aka yi da Hausa, in manhaja ta juya ta zuwa Turanci, dole mai binciken ya zauna da sautin a kunnensa ya bi layi-layi. Dattijo yakan faɗi abu a kaikaice, yana nufin a'a amma bai furta ba, na'urar kuma ta rubuta cewa ya amince.

Sadiya: Duk na yarda da waɗannan, kuma zan bi. Amma ina roƙon alfarma ɗaya, ƙa'idar ta hau kan malamai ma. Mu ɗalibai muna gane gyaran da aka yi mana da manhaja, za ka ga sharhi dogo mai laushi wanda bai taɓa ainihin aikinka ba. Kuma ana saka kundinmu a ciki ba a tambaye mu ba. In za a ce in rubuta a farkon kundina wace manhaja na yi amfani da ita, a wane babi, don me, to mai duba aikina ma ya faɗa mini.

Dokta Bashir: Kin yi gaskiya Sadiya, ba ni da abin cewa sai amin. Mu ma muna rubuta maƙalu don ƙarin girma, kuma jarabawar da ke kanku tana kanmu.

Malam Sabo: Ni dai har yanzu ina da tambaya, kuma ba don in ɓata zance ba. Duk abin da Dokta ya lissafa, zaunar da ɗalibi, bin manazarta, sauraron sauti, lokaci yake ci. A sashenmu malami ɗaya yana duba kundin ɗalibai masu yawan da ba zai iya haddace sunayensu ba, ga darasi, ga makin jarrabawa. In aka rubuta ƙa'idar da ba mai iya aiwatarwa, za ta zauna a fayil, mu koma gidan jiya.

Dokta Bashir: Ba sai ka bi duka ba. Ka zaɓi manazarta uku daga kowane kundi, ɗalibin bai san waɗanne ba, ya buɗe maka su a gabanka. Tambayar baki kuma minti goma ta isa. Amma ban musa maka ba, in ba a rage yawan ɗaliban da ke kan malami ɗaya ba, rabin aikin ne kawai za mu yi. Wannan sai an kai shi gaban hukumar makaranta, kuma ya kamata ya shiga rahoton su Malama Binta a rubuce.

Alhaji Garba: Ni ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. 'Yan shekarar farko dai a bar su da biro da takarda. Na sama kuwa, tunda kun ce za ku zaunar da su ku tambaya, Allah ya ba ku ikon yi.

Injiniya Kabiru: Malama Binta, in kwamitinku zai yarda, zan zo ranar Asabar in nuna wa malamai yadda ake bin manazarta da yadda ake cire sunaye daga bayanai kafin a saka su ko'ina. Kowa ya zo da kwamfutarsa da babi ɗaya na aikinsa, a kansa za mu gwada. Ku dai tanadi janareta.

Sista Hauwa: In za a sa shi bayan la'asar zan zo da malamanmu biyu, da safe muna asibiti da ɗalibai.

Malama Binta: Bayan la'asar ɗin ya yi. Zan yi magana da shugaban sashe gobe kan ɗaki da man janareta, in sanar da ku a nan.